Kyanwa, Jak, Bara

Kawu Eufemio ƙanen mahaifiyata ne. Sai da furfura ta fara fito masa ya sauko birnin Puebla daga ƙauyenmu na kan duwatsun Oaxaca, shekarar da masara ta ƙi. Yarenmu na Mixteco kaɗai ke bakinsa, Sifaniyancinsa bai wuce gaisuwa da sunayen dabbobi ba. Nemesio, ɗan ƙauyenmu da ya daɗe a birni, shi ya samo masa aiki a shagon facin taya inda shi ma yake yi, wajen wani Don Leobardo.

Na sha jin labarin nan daga bakinsa, kuma kullum sai jijiyar wuyansa ta tashi kamar jiya abin ya faru.

Ranar farko maigidan ya daka masa tsawa daga gefen wata motar kaya: "Kai, kawo gato!"

Gato kam Kawu ya san ta: kyanwa. Akwai wata ja da ke kwanciya kan tsofaffin tayoyi. Ya bi ta ya cafko, tana yakushinsa, ya miƙa da hannu biyu. Shago ya kaure da dariya.

"Wayyo cikina!" in ji Don Leobardo. "Ɗan dutse, da ita za mu ɗaga motar?" Ya shuri jak da ƙafa. "Ga gato nan, baƙauye!"

Kawu ma ya dara, don a lokacin mutum ne mai ɗaukar wasa. Daga ranar sunansa ya koma Gato. Da tafiya ta yi tafiya sai ya ɗauka kirari ne, tunda shi kaɗai ke cicciɓar tayar babbar mota ba mataimaki.

"Na ce ai ƙarfen da ke ɗaga mota ne, in babu shi aiki ya tsaya," haka yake gaya mini. "Har ƙirji nake buɗewa in an kira. Ka ji sakarai!"

Shekaru suka shuɗe. Ban da faci, shi ke share shago, shi ke wanke motar maigida, shi ke yi wa uwargida cefane. Bai taɓa cewa uffan ba.

Wata rana 'yarsa Herlinda, wadda ta kai sakandare, ta kawo masa wake da tortila, gurasarmu ta masara. Tana tsaye wani mai mota ya ce wa Don Leobardo ya duba masa iskar taya.

"Ni? Bari gatona ya yi. Ai don haka nake ciyar da shi."

Herlinda ta dire kwanon a ƙasa. Da yarenmu ta yi magana.

"Baba, amsa wannan sunan kake yi?"

"Sunan jak ne mana."

"Ba jak ba ne, Baba. Bara yake nufi. Yaron gida da ake nuna wa aiki da ƙafa. A makarantarmu in ana so a ci mutuncin mutum, haka ake ce masa."

Kawu ya waiwaya ya dubi Nemesio. Nemesio ya sunkuyar da kai cikin kwanon ruwan gwada tub, kamar yana neman huji.

Sai Kawu ya yi wurgi da sifana, ya tako har gaban maigida.

"Maigida, faɗi sunana."

"Me ya shige ka, Gato?"

"Sunana! Wanda aka raɗa mini a coci."

Don Leobardo ya sosa ƙeya. "Eusebio ne... ko Eulalio? Kai, ku 'yan dutse ai duk sunanku ɗaya. Wasa ne fa! Wa ba shi da laƙabi a nan? Ga wancan, Tumbi muke ce masa, ya mutu?"

"Tumbi ya san ma'anar nasa!"

"To sai me? In ka bar nan, uban wa zai ɗauke ka da wannan gwarancin naka?"

Kawu ya kama hannun 'yarsa suka fita, ko kwanon bai ɗauka ba.

Bai sake samun aikin shago ba. Yanzu dako yake yi a babbar kasuwa, buhunan albasa da barkono, kuma gwiwoyinsa sun fara ƙi. Matarsa ta yi kuka, ta ce zuciya ba ta cika tukunya. Ya ce ya sani.

Abin da na lura, ba Don Leobardo ke ci masa rai ba. Wannan, in ji shi, haka aka haife shi. Nemesio ne. Ina nan ranar Lahadin da ya zo ban haƙuri, hularsa a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ɗan'uwa, na san ma'anar tun farko. Tsoro na ji kada ka yi fushi ka bar aikin, ga iyali."

"Da wane yare muke magana, ni da kai?"

"Da namu."

"Da namu! Kalma guda ce, Nemesio. A kunne za ka raɗa mini, ba wanda zai ji. In na ga dama in haɗiye saboda yara, in na ga dama in tafi. Ni zan zaɓa. Sai ka bari 'yar cikina ce ta fassara mini, a gaban mutane!"

Kawu ya tashi da kyar, yana dafa gwiwa, ya rufe ƙofar.