Shekara Goma Sha Ɗaya Bayan Zirnaƙo: Wa Ke Son Ɗansa Ya Shiga Fage?

Kakar bana ce ta cika shekara goma sha ɗaya da muka kai yayana Umaru makwancinsa a Zauro. 'Yan kallon dambe sun fi saninsa da Zirnaƙo, saboda siririn ƙugunsa da zafin harbinsa. Ni ƙanensa ne, kuma ni nake ɗaure masa hannu da zare duk sa'ad da zai shiga fage, tun daga dandalin garinmu har Argungu. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta komai a kansa ba, addu'a ta ishe mu. Bana ne na ga shiru ba zai yi ba, domin an tono sunansa, ni kuwa ban yarda da masu tonon ba.

Abin ya faro kamar hira. A teburin mai shayi a Birnin Kebbi na fara jin samari suna musu: da a ce Zirnaƙo yana raye da ƙuruciyarsa, aka haɗa shi da Bahagon Gesse, yaron nan marar nauyi da ke tashe yanzu, wa zai kashe wani? Ban ga laifinsu ba. Mu ma da muna samari mun haɗa matattu da rayayyu dambe da baki har murya ta dushe. Har daɗi na ji, na ce ashe ba a manta da yayana ba.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Na ji wani yana rantsuwa ya ga ranar da Zirnaƙo ya kai wani ƙato ƙasa a Argungu, na dube shi na ga a lokacin ko aurar da uwarsa ba a yi ba. Wani ya nuna mini hoto a waya, wai na marigayi ne, alhali mutumin da ke hoton ya fi Umaru tsawo da kai guda. Wani kuma har nauyinsa ya faɗa da kilo, domin a nuna ajinsu ɗaya da Bahago. Umaru bai taɓa taka sikeli ba. A zamaninsa sikeli na buhun shinkafa ne. Idan makaɗi ya buga takenka, ka fito ka miƙa hannu ga wanda ranka ya so, ko ya ninka ka biyu, in ya amsa shi ke nan.

Tun da an matsa, bari in faɗi nawa ra'ayin, ni da na ga guda a fage na kuma je na kalli gudan. Bahago ɗan dambe ne na gaske. Ƙafarsa ta fi ta Umaru sauri, numfashinsa ya fi tsawo, don yaran yanzu suna gudu da safe, ana lura da cimarsu, ana auna su kafin wasa don kada a haɗa akuya da sa. Umaru kuwa da manya ya saba. Ya iya shan naushin da ya fi ƙarfinsa ya tsaya, ya jira ƙiftawar ido guda. In turmi uku za a yi a ƙa'idar yau, ina jin Bahago zai wahalar da shi. In a dandalin da ne, ba mai raba su da wuri, ban ce komai ba. Da Umaru zai ji wannan musu, na san dariya zai yi, ya tambaye su wane Umarun suke nufi, na shekarun tashe ko wanda ya rage daga baya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda musun ya juya. Bakunan da suka fara da yabo su ne suka koma cewa Zirnaƙo sa'a ce kawai ta yi masa, da Bahago ya same shi, turmin farko zai sha ƙasa. Kuma ba a ko'ina suke faɗi ba. Sun fi son faɗi a gaban teburin naman Nasiru, babban ɗan marigayi, a kasuwa. Nasiru mahauci ne kamar kakanninsa, yana noman shinkafa, yana da mata da jaririya. Jikin ubansa ya ɗauko sak, har zuciyar, amma bai taɓa ɗaura zare ba ko da wasa. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi.

Ba a jima ba sai ga wani mai shirya wasan dambe a ƙofar gidana, da mota da goro, wai ya zo ta'aziyyar Umaru. Ta'aziyyar da ta makara shekara goma sha ɗaya! Muka shafa fatiha, bai ko gama shafa fuska ba ya ce, "Malam, barewa ba ta gudu ɗanta shi yi rarrahe. A ba yaron ga zaren ubanai, shi zo Argungu bayan kaka shi kara da Bahago, shi raba muna gardamar ga." Na ce masa na ji. Da zai tafi na leƙa motar, sai na ga direbansa shi ne mai rantsuwar nan na teburin mai shayi. Ba ni da shaidar da zan kai gaban alƙali, amma biri ya yi kama da mutum. Suna son sunan Zirnaƙo ya tara musu jama'a, kuma hannun da za a karya ba nasu ba ne.

Bayan kwana kaɗan Nasiru ya zo da kansa, idonsa jajir. Ya ce, "Bappa, mutuncin babana aka ci cikin kasuwa, ni ina ji. Ba ni zarenai."

A nan dole in faɗi abin da masu musu ba su sani ba, don ba a fage ya faru ba. Bayan Umaru ya ajiye dambe, hannunsa na dama ya lalace a hankali. Yatsun suka sandare, ba sa damƙar komai. Wuƙar fawa ta gagare shi, ya koma gona kaɗai. Idan kaka ta yi, mukan fita fadama tare, yana ɓoye hannun cikin riga. Sai mun yi nisa da gari yake miƙo mini shi, in sa masa ƙotar lauje a tafi, in ɗaure da zaren nan na dambe, tamau, kamar yadda nake yi masa a Argungu. Haka yake yankan shinkafa har rana ta yi tsaka, gumi na bin zaren. Kafin mu koma gida in kwance. Ya ce da ni, "Kak ka bari ɗiyana su ga hannun ga hakanga." Na riƙe masa wannan har ya koma ga Allah, na ci gaba da riƙewa bayansa.

Ranar da Nasiru ya zo na ga riƙon ya fara cutar da wanda aka yi dominsa. Na shiga ɗaki na ɗauko laujen, zaren yana kewaye da ƙotarsa, da ƙullin da na yi bayan na kwance masa hannu ranar yankansa na ƙarshe. Na ba Nasiru labarin duka. Na ce masa ga zaren ubanka, ga aikin da ya yi na ƙarshe, da shi aka ciyar da kai. Naka ne, in kwancewa za ka yi, kwance. Ya daɗe yana jujjuya laujen a hannu, yana shafa ƙullin da babban yatsa. Sannan ya saɓa shi ya fita.

Ban san abin da zai yanke ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa hankalina ya kwanta ba. An ce mini motar nan ta sake tsayawa kusa da teburinsa, kuma gardamar tana nan da zafinta a wayoyin samari. Abin da na gani da idona shi ne, da aka fara yanka a fadama makon jiya, Nasiru yana can da laujen ubansa.

Kirarin Zirnaƙo ya tafi tare da makaɗansa, dandalin da ya yi suna ma an gine shi. Masu haɗa shi da Bahago su ci gaba, baki dai nasu ne. Ni na san abokin karawarsa mafi nauyi: fadamar Zauro, kaka bayan kaka, da hannu guda matacce, don 'ya'yansa su ci, kuma ban taɓa ganin gwiwarsa ta taɓa ƙasa ba. Allah ya jiƙan Umaru, ya sanyaya makwancinsa. Da na wuce Nasiru a gona na dubi ƙotar laujen da kyau. Ƙullina yana nan yadda na bar shi.