Yadda Aka Shanye Mini Sa Hannun Gola a Sule Tankarkar

Mun tashi da asuba daga Gagarawa ranar Larabar da ta wuce, ni da wani abokin sana'ata, a bayan a-kori-kura mai ɗauke da buhunan gero. Wanda ya san bakin tashar jirgi ya san teburina, inda nake sayar da ƙananan katunan hotunan 'yan ƙwallo da 'yan dambe da ake bugowa a Ikko. Duk cikinsu guda ɗaya ne ba na ɗora wa tebur, na wani gola da ƙasar nan kaf ta san hannunsa. A Kano na tare shi bayan wasa, aka tattake mini ƙafa, ɗan doka ya zuba mini kulki, amma sai da ya sa mini hannu a bayan katin da alƙalami mai tawada. Wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, daga Damagaram, mai tara irin waɗannan, ya yi mini alkawarin sabon keke a madadinsa in na kai masa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Da keken nan nake shirin fara zaga ƙauyuka da kayana.

Hanyar Gumel rairayi ce zalla. Motar ta kafe, muka sauka muka tura, direba na zaune yana ba mu umarni kamar shi ya biya mu. A Gumel muka karya da koko da ƙosai. Tun da aka canza kuɗi ƙosai ya rame, mai suyar kuwa ta ce mu je mu tambayi masu man gyaɗa.

Abokina ya so mu zarce Maigatari, na ce gwaggona tana Sule Tankarkar, ba zan zo kusa in wuce ba. Ta tarbe mu da fura mai sanyi wadda ta ji nono, ta sa aka yanka mana zabo. Ɗanta, wato taubashina, shi ne shugaban 'yan ƙwallon garin, kuma ranar Juma'a suna da wasa da Ɗanzomo. Golansu kuwa, kamar yadda na ji, rariya ta fi shi riƙo.

Labarin katin ya riga ni isa. Taubashin nan ya ce, "Bawana, ba ni in nuna wa golanmu, ko zuciyarsa ta yi ƙarfi." Na ba shi, na tafi sallar la'asar.

Da na dawo na tarar da shi da 'yan ƙwallonsa a zaure sun kewaye ƙoƙo, golan yana lashe baki. Katina na kan tabarma an shanya shi. Wanke sa hannun suka yi, yadda ake wanke allo, suka ba shi ya shanye, wai albarkar hannun can ta sauko nasa. Na ɗauki katin na juya, wallahi babu sauran suna. Rubutun sha mun gada, mun san na malam ne, a kan allo. Amma sunan ɗan ƙwallo? Mutumin da ban ma san alƙiblarsa ba?

Na ce, "Ka san kekena ka ba wannan ya sha?"

Ya ce, "Haba bawana, hoton ai ga shi nan, ko kunnensa ba mu taɓa ba. Tawada kawai muka ɗiba."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba wanda ya ga laifinsa. Gwaggo da kanta ta ce, "Kai da abokin wasanka? Kayanka ai nasa ne." Fushi da taubashi abin kunya ne, don haka aka bar ni ina haɗiyar nawa da naman zabo.

Duk da haka washegari na tafi Maigatari, don mutum yana jirana. Kasuwa ta cika maƙil: raƙuma, kanwa, dabino, Buzaye da tukwanen shayinsu, ga kilishin da ban ji ɗanɗanonsa ba. Wani mai gyaran agogo da ya ji abin da ya same ni ya ce in kawo biro ya zana mini wani sa hannun, wai haka ake yi, mai saye ba zai gane ba. Wannan ma ya ƙara tunzura ni. Kulkin da na sha na gaskiya ne, ba zan sayar da na ƙarya a kansa ba.

Mutumin Damagaram ya zo da keken, baƙi wul, ko ledar sirdinsa ba a cire ba. Ya juya katin, ya ga shuɗin tabo inda suna yake a da. Na faɗa masa komai. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Cewa ya yi, "Malam, ka yi haƙuri, wannan yanzu kwali ne." Ina kallo ya tura kekensa ya nufi iyaka.

Mun iso Gagarawa da yamma. Tafiyar ta koya mini cewa abin da kake tattali, a wajen wani magani ne, kuma ɗan'uwa ba ya tambaya kafin ya jiƙa. Na kuma gane cewa biro ya fi alƙalami mai tawada amana.

Jiya yaron motar Gumel ya kawo mini saƙon taubashina. An zura wa golansu ƙwallaye har 'yan kallo suka daina ƙirga. Ya ce a gaya mini rubutun ne ya yi kaɗan, in na koma Kano in roƙi mutumin ya cika bayan katin gaba ɗaya.