Injin Korar Jan-baki

Wata safiyar Asabar a kakar 1988, tsuntsayen jan-baki suka taso wa shinkafarmu a fadamar Wurogauri. Yawansu sai da ya rufe rana, har zakaran Inna ya koma akurki yana zaton magariba ta yi. Baba ya dubi zangarnun da suka tsotse, ya dube ni, ya ce, "Daga jibi ba ka zuwa makaranta, Bello. Tsuntsu ba ya jiran a tashi aji." Ni kuwa na rantse a zuci ba zan bar aji biyar saboda abin da bai kai babban yatsana ba.

Na ruga wurin Kawu Manu mai gyaran keke. Muka kafa tsohon wili a kan gora, muka ɗaura masa fukafukan langa-langa, muka ja igiyoyi zuwa kusurwoyin gona ɗauke da gwangwanayen madara cike da tsakuwa. Da iska ta kaɗa, ƙararsa ina jin har Gwandu an ji ta. Baba ya ce a gwada. Kwanakin farko ko fara ba ta sauka ba, ina tafiya makaranta ina taƙama kamar wanda ya ƙera jirgi. Sai tsuntsayen suka gane ƙarar ba ta jifa. Na dawo na tarar da wani ƙaton jan-baki zaune a kan igiyar, tana lilo da shi yana gyangyaɗi.

Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Injinka na da baki, ɗana, ido ne ba shi da." Sai muka raba aiki ni da injin. Da asuba in sauya wa igiyoyi wuri, in yi ta wurga majajjawa har hantsi, don su ɗauka duk ƙara da dutse a bayanta. Inji ya riƙe gona ina aji, ana tashi in sheƙo in karɓe shi. Na rame har wandona ya nemi igiya, amma muka cika rumbu, Baba bai sake zancen ba.

Yau ina hasumiyar filin jirgin sama. Na'ura ke nuna mini tsayin kowane jirgi da gudunsa, ta yi ƙara in biyu sun kusanci juna, ni kuma in faɗa wa matuƙi inda zai bi. Tana da ido yanzu, Kawu bai rayu ya gani ba. Duk da haka in ta yi ƙara, hannuna majajjawa yake fara nema.