Baban Sauro Ya Sauke Hannun Riga

Kullum da sassafe, kafin masu shara su gama da barandar jami'a, akwai wani dattijo da ke jingine kekensa a bayan ginin masu binciken cututtuka, ya buɗe wani ɗaki da mutane ke ƙara sauri in sun zo wucewa. Ƙofa biyu gare shi, ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje. Ciki kuwa ɗumi da laima, kamar banɗakin da aka gama wanka da ruwan zafi. Zai yi bisimilla, ya leƙa farantan ruwa, ya jiƙa auduga da ruwan sukari ya ɗora kan wasu akwatunan raga. Daga nan sai ya ja kujera, ya naɗe hannun riga, ya zura hannunsa cikin akwati.

Jama'a, sauro yake kiwo! Sauron nan dai da ni da ku muke bi da tafi da hayaƙi, shi da jinin jikinsa yake ciyar da su, don masu bincike su samu na gwaji. Shekara talatin da ɗoriya! Ɗalibai suna ce masa Baban Sauro, yana amsawa da fara'a.

A layinmu yake, amma ba wanda ya san aikinsa. Mun dai san komai zafin rana ba ya rabo da riga mai dogon hannu, in ya zo alwala kuma a ga hannun duk tabo. Wasu suka ce ƙazuwa ce, wasu suka ce jifa. Wa ya fara faɗa? Oho, ni dai a bakin famfo na tsinta.

Jikata, takwarata, ita ta tona mana. Ta kai shekarar ƙarshe, inda kowane ɗalibi zai zaɓi abin da zai yi bincike a kai kafin a ba shi digiri. Ƙawayenta duk suka yi rububin na ɗaki mai sanyi da kwamfuta. Ita kuwa ta ce sai sauro. So take ta gano abin da ya sa maganin da muke fesawa ya daina kashe su. Ƙanenta zazzaɓi ya ɗauke shi, alhali ba ranar da ba a fesa ɗakinsu ba. Ba ta taɓa cewa shi ne dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Abin da ba ta sani ba, shugaban sashe ya riga ya kira Baban Sauro ya ce masa: "Baba, ritayarka ta zo. In bana ba ɗalibin da ya ɗauki aikin sauro, feshe su za mu yi, ɗakin ya koma sito."

To, ku da kuke da wayo, me za ku yi? Ai sai daɗin baki. Shi kuwa bawan Allahn nan yana da wata al'ada da bai taɓa fasawa ba. Duk ɗalibin da ya ce yana sha'awa, kafin ya sa hannu, sai ya miƙa masa takalmin roba da ludayi, ya kai shi kwatar bayan mahauta ya ɗebo tsutsar sauro. In sun dawo ya zaunar da shi: ba hutun ƙarshen mako, sauro bai san Lahadi ba. Wuta na iya ɗaukewa su mutu tas, a koma farko. Abokanka na iya riga ka gamawa.

Samari uku suka zo bana, uku suka arce. Ɗaya ma da takalmin ya gudu.

Mai sharar barandar, wadda ta ba ni wannan ɓangaren, ta ce ta tare shi: "Haba Baba! Da bakinka kake rufe ɗakinka? Ka ɗan sa wa maganar sukari mana."

Ya ce: "In na yaudari ɗan mutane ya shigo, ya gudu a tsakiyar shekara, wa zai biya shi shekararsa?"

Takwara ce ta ƙarshe. Ludayi ɗaya ta ɗebo ta juya ta amayar da abin karin safenta. Ya ba ta ruwa ta kurkure baki, ya ce: "'Yata, koma ki ɗauki na kwamfuta. Wallahi ba abin kunya ba ne, shi ma ilimi ne." Ta goge baki ta sake duƙawa.

Da ta shigo gida, warin ya riga ta sallama. Ubanta, ɗana mai walda, ya miƙe tsaye: "Na ƙare idona a hasken walda don ki shiga kwata? 'Ya'yan mutane na sa farar riga, ke kina yawo da ludayi? Gobe zan ga wanda ke hure miki kunne!"

Washegari ya ɗauki hanya. Ni kuwa a bar ni a gida? Na yafa mayafi na ce ƙafata na bukatar motsi.

Aka buɗe ƙofa ta farko, aka rufe, aka buɗe ta biyu. Innalillahi! Ga maƙwabcinmu zaune, hannu cikin akwati, hannun ya yi baƙi ƙirin da sauro, cikinsu na kumbura ja-ja-wur, shi kuwa yana sauraron rediyo. Salati ya kuɓuce mini. Ɗana da ya taho da masifa cike da baki, sai ga shi yana sosa wuya.

"Sannunku da zuwa," in ji shi. "Hajiya, kar ki tsorata, waɗannan a nan aka haife su, ba su da cuta. Kuma matan ne kawai ke cizo."

Na ce: "Wannan kam ba sai an je jami'a ba."

Ɗana ya yi gyaran murya: "Malam, an ce kai ke zuga yarinyar nan."

"Ni? Korarta nake yi ta ƙi koruwa. Don Allah taya ni."

Mai shara da ke laɓe a bakin ƙofa, da ma irinmu ba sa ƙarewa, ta leƙo: "Ku tambaye shi abin da za a yi wa ɗakin in ta fasa!" Ta zayyana komai.

Ɗana ya saki baki. "Ka san in ta tafi aikinka na shekara talatin za a feshe, kuma kake korarta?"

Dattijon ya zaro hannun a hankali, ya kakkaɓe na ƙarshen kamar mai sallamar jikoki. "Wannan ɗaki ne. Ita kuwa rayuwarta ce. In za ta zaɓa, ta zaɓa ido buɗe."

Takwara, da ta biyo mu a baya, ta dubi ubanta ta ce: "Baba, na ga kwatar, na ga hannun. Aikin nan nake so."

Ɗana ya zagaya, ya taɓa ƙarfen wani akwati da ya yi tsatsa, ya girgiza shi, ya ja tsaki. "Wane ɗan koyo ne ya yi muku wannan waldar? In ya ɓalle ai har gidana za su zo." Ranar Asabar sai ga shi da injinsa.

Kai ne, Baban Sauro, wanda aka sa wa wuƙa a wuya bai sayar da gaskiya ba. Kai ne ka ci cizo don 'ya'yan wasu su yi barci. Malamai sun rubuta littattafai a kan sauronka, ɗalibai sun zama manya, kai kuwa tabo ka samu da ƙananan maganganun bakin famfo. Dattijo mai hannun kyauta, Allah Ya saka maka, Ya sa ka ci ritayarka cikin lafiya, Ya albarkaci zuriyarka.

Ba a rufe ɗakin ba. Da suka ga aiki zai ci gaba, sai suka sayo wata na'ura mai ɗumama jini, ba sauran mai ba da hannu. An ce da farko sauron yaji suka yi, sun saba da na gida.

Ku kuma malamai da iyaye da masu koyar da sana'a, ban ce ku je ku miƙa wa sauro hannu ba. Amma in yaro ya zo zaɓen abin da zai sa rayuwarsa a kai, ku kai shi kwatar tukuna. Wanda ya gudu kun cece shi, wanda ya tsaya kun samu magaji.

Ni dai abin da na samu a ciki, yanzu a gidana ba ni da ikon kashe sauro. Ina ɗaga hannu sai in ji daga ɗaki: "Kaka, tsaya! Da rai nake son shi!"