Ƙauyen da Na Tayar da Bakina

Shekarun baya, ina ji da ƙuruciya da sabon digiri, aka ɗora ni a kan wani aikin raya karkara a yankin Kirikasamma. Akwai wani ƙauye a bakin kogi da ambaliya ke ci duk damina, tun da ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Tsarin shi ne a mayar da mutanen kan tudu, a gina musu gidaje da makaranta da ɗakin shan magani, a haƙa burtsatse, su kuma ci gaba da noman fadamarsu. Aikin ya shiga raina sosai, har ɗaurin aure nakan je da hula mai tambarinsa.

Mutanen suka ƙi tashi. Na yi ta zarya har bulama, wato mai garin, wani dattijo mai sanyin magana, ya zaunar da ni. Ya ce, "Yaro, ɗaki ba ya ba mu tsoro, ko'ina ma gina. Fadamar fa? In muka ɗaga ƙafa, wa zai tsare mana ita?"

Na ce, "Baba, fadama taku ce. Wurin kwana kawai za ku canja."

Ya ce in maimaita a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a. Na maimaita da ƙarfi, don kuwa haka aka faɗa mini, haka kuma na yarda.

Suka kwashe a kwale-kwale da amalanke, tsofaffi na waiwayen maƙabarta. Manya suka zo buɗe sabon gari, aka yi hotuna, aka yaba mini.

Bayan girbi sai ga motocin noma a fadamar, ana kafa turaku. Ashe tun kafin a ɗauke ni aiki an ba wani babban mutum wurin ya yi gonar shinkafa, tashin mutanen kawai ake jira. Na tafi hedikwata. Shugabana ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, an ce ka tsugunar da mutane, ka tsugunar. Maganar ƙasa ba a teburinka take ba." Da na ƙi yin shiru, aka mayar da ni kula da sito.

Kafin in bar yankin na koma wurin bulama. Na so ya zage ni. Sai ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa. Ya ce, "Na san ba da kai aka ƙulla ba. Amma da wani suka turo, da ba mu tashi ba."

Ya rasu ba a daɗe ba. 'Ya'yansa yanzu ƙwadago suke yi a gonar da ubansu ya haife su yana nomawa, wasu sun tafi ci-rani ba su dawo ba. Gidajen kuwa suna nan da kwanonsu, har yau ana nuna hotonsu a taruka a matsayin aikin da ya yi nasara.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ba don ilimina aka zaɓe ni ba. Maƙaryaci masu shirin suka guje wa, don dattawan nan da sun gane shi tun daga sallama. Mai gaskiya suke nema wanda bai san komai ba, suka kuwa same ni.