Farcen da na binne a Birmingham

A zangon Kumasi inda na tashi, mai yankan farce mutum ne mai almakashi da ɗan soso a gwangwani. Ka miƙa masa ƙafa, ya gama, ya tattara farcen ya zuba maka a tafin hannu. Naka ne. Kai za ka tona rami ka binne. Haka na san sana'ar, da wannan sanin na zo Ingila.

A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, council, wato hukumar gari, ta rage masu shara, har da ni. Na koma wani sito a Salford ina dakon kwalaye, cikin takalmi mai ƙarfe a baki. Takalmin ya matse, farcen babban yatsana na dama ya nutse cikin nama. Ya kumbura, ya yi ruwa, ya fara wari. Ban gaya wa kowa ba. Na ga abin da ya fi yatsa.

Ɗan ƙanena ne ya tayar da ni. Ubansa ya rasu, ni na riƙe shi har ya gama jami'a. Ya ga yarinya a Birmingham, 'yar wani likita Bakano, kuma ni ne baffan da zai je nema masa aure. Ya ce gidan farin kafet ne tun daga ƙofa, a waje ake barin takalmi. Yana faɗa yana kallon ƙafata.

Na kira GP, likitan unguwarmu. Mai ɗaukar waya ta ba ni ranar da ta wuce ranar tafiyarmu. Na ce ƙafar ba za ta jira ba. Ta ce to in gwada asibitin ƙafa.

Can na tarar da wata Baturiya. Ta zaunar da ni a kujera mai tashi sama, ta sa safar hannu, ta ɗauko almakashi. Na ce a raina, ashe mai yankan farce ce, wuri kawai ta samu. Ta yi min allura, ta cire gefen farcen, ta naɗe yatsan. Aikinta ya yi kyau, ban musa ba. Sai ta nufi kwandon shara da farcen. Na ce ta tsaya, nawa ne. Ta ce me zan yi da shi. Na ce binnewa. Ta dube ni, ta dubi farcen, ta saka min shi a 'yar kwalbar roba.

Sannan ta rubuta min maganin kashe ƙwayoyin cuta. Nan muka saɓa. Na ce likita ke rubuta magani. Ta ce da can haka ne, sai ta mayar da ni wurin GP in bi layi, amma an canza doka, masu aikin ƙafa da suka ƙaro karatu yanzu suna rubutawa da hannunsu, ita ma ta yi karatun. Na ce doka ta canza, ni ban canza ba. Na kai takardar kantin magani don in ga ko za su kore ni. Suka ba ni ko kai ba su ɗaga ba. Na sa a aljihu, ban sha ba. Tunda gidan likita za ni, sai na ji daga bakinsa.

Saura farce. Flat ɗina, ɗan gidan haya a dogon bene, can sama yake tare da tantabaru. Ƙasa duk siminti ne da kwalta, ɗan filin ciyawar kuwa karnuka ke tono. Kwalbar ta zauna a aljihun rigata tare da maganin.

Ranar Asabar yaron ya tuƙa mu, ni da limamin masallacinmu. Mai neman aure ba ya shiga, ya zauna a mota. Likitan ya karɓe mu da mutunci, aka gaisa, aka ci abinci. Ya ce a yi azahar tukuna, sannan magana. Aka nuna min wurin alwala kusa da ƙofar baya. Ta nan na hango lambu. Baƙar ƙasa mai laushi. Rabona da irinta tun gida.

Na fita da safa, na tsuguna gindin wani fure, na tona da makullin flat, na juye farcen, na yi bismillah, na rufe, na daddanna da tafin hannu. Ina ɗagowa, uwar yarinyar na tsaye a tagar kicin da ludayi a hannu.

Ban yi boko ba, amma na san yadda abin yake a ido. Baffan saurayi, ranar neman aure, a bayan gidan su yarinya, yana binne abu yana motsa baki. Ko ni na gani ba zan ba da 'yata ba.

Kafin in koma falo labari ya riga ni. Liman yana kallon silin. Likitan ya cire tabarau.

"Malam, me ka binne min a gida?"

"Farce."

"Farcen wa?"

"Nawa. Na wa zan ɗauko?"

Daga bayan ƙofa matarsa ta ce a tono a gani. Na ce ba sai an tono ba, ga inda ya fito. Na cire safa, na ɗora ƙafa kan teburin gilashi. Na zaro kwalbar da kwalin magani, na ba da labari kaf. Na ce tunda an zo nan, ya duba min ko maganin mai yankan farce na shayuwa.

Ya karanta kwalin, ya buɗe, ya ga ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalle ba. Sai ya manta da binne-binne, faɗan ya koma nan. Ya ce dokar gaskiya ce, Baturiyar kuma ta san aikinta. Shi likitan ido ne, da na kawo masa yatsan nan, wurinta zai tura ni. Ya ce in na ƙara kwanaki a haka, ba farce kaɗai za a binne ba. Ya sa aka kawo ruwa, ya tsaya a kaina har na haɗiye.

Matar likitan dai ba ta sauko ba. Ta ce ai da farcen ma ake haɗa sammu. Gaskiyarta. Na tuna yaron can cikin mota, yana jiran albishir.

Sai wata tsohuwa ta turo ƙofa da sanda. Mahaifiyar likitan ce, ashe tana jin komai. Ta tambayi wane ne mai farcen. Na durƙusa, yatsa na zugi. Ta aika aka ɗauko mata gwangwanin alewa daga ɗakinta, ta buɗe a gabanmu. Farce ne fal, na shekaru. Ta ce tun zuwanta ƙasar nan take roƙo a binne mata, ɗanta na cewa al'adar ƙauye ce, surukarta na cewa za a ɓata mata fure.

"Ku ba su yarinyar," in ji ta. "Mutanen da ba sa yar da farce, ba za su yar da mutum ba." Ta miƙo min gwangwanin. "Kai kuma ɗan nan, tunda ka san wurin."

Na karɓa na fita. Uwar yarinyar ta miƙo min cokali ta taga. Ta nuna min can jikin katanga, nesa da furenta.

An ba mu kafin la'asar. Maganin na shanye shi tas. Da na koma a duba yatsan, Baturiyar ta tambaye ni farce. Na ce yana Birmingham, wurin surukai.