Tabar da Muka Ɓoye a Rumbun Iri

Duk wanda ya ce maka ganyen taba ya bushe don kawai ya ga ya yi ja, ka dube shi da kyau, ɗan uwan yayana ne a wauta. Ganyen taba daga gefe yake fara mutuwa, jijiyar tsakiya ce ke zama ta ƙarshe. Sai ka lanƙwasa ta ta karye ƙas, sannan ka ce ka gama. Yau ina zaune a ƙofar gida ina kallon samari suna baza ganye a kan dutse da tsakar rana kamar masu shanyar kuɓewa, ko su cusa shi a tulu da ɗanyensa don sauri. In na yi magana su ce tsoho ya fara. To, tsohon ya riga ku yin wautar, kuma tasa ta fi taku tsada.

Babanmu ba ya shan taba, ba ya ɗura garinta, ba ya son warinta. Ƙaninsa tari ne ya kashe shi da lofe a hannu, tun daga nan ya ce ganyen nan ba zai ƙara kwana a gidansa ba. Abin da yake so a duniya bayan salla shi ne wata dawa kaura da ya gada. Kakanmu ne ya taso da ita daga Kakangi lokacin da suka dawo cikin Birnin Gwari. Zangarniyarta doguwa ce, ƙwayarta ja-ja mai nauyi, tuwonta kuma yana kwana bai saki ba. Kowace kaka, kafin a sa lauje, Baba yakan shiga gona shi kaɗai ya zaɓi zangarniyoyin iri da hannunsa. Akwai ɗan ƙaramin rumbu a bayan ɗakin Inna, nan yake jera su, ya yaɓe bakin da laka, ya ɗora jinka. Ba mai taɓa rumbun nan sai ruwan shuka ya sauka.

A shekarar da nake magana ni da yayana duk muna da aure, muna noma a gandun Baba. Yayana mutum ne da bai taɓa ganin abu sau ɗaya bai zama gwaninsa ba. Ya bi fatake sau guda zuwa ƙasar Nufe yana jan jaki, ya dawo yana koya wa masu jakunan yadda ake ɗaure kaya. A can ya ga ana kitsa taba kamar gashin mace ana musayarta da gishiri. Sai ya rantse cewa arzikinmu yana cikin ganyen nan. Ni kuwa a lokacin in ya ce rana daga yamma take fitowa, sai in juya in duba.

Muka dasa ta a wata 'yar fadama a bakin daji, kan hanyar Gayam, inda Baba ba ya zuwa. Ta yi kyau, wannan kam ba zan ci amanar ƙasar ba. Ganye kamar faifai. Muka tsinke, muka soke su a igiyar rama, muka rataye a cikin wata bukka da muka yi don kada rana ta taɓa su. Har nan ba mu yi kuskure ba. Abin da ya rage shi ne haƙuri, shi kuma ba a shuka shi a fadamar yayana.

Ganye ya fara ja ke nan sai mafarauta suka soma sa wa daji wuta. Kullum hayaƙi yana matsowa. Ran da muka je kwashewa muka tarar da wani Bafulatani da muka saba da shi, shanunsa suna cin kara a gonar da ke kusa. Ya leƙo bukkar, ya ciri ganye ɗaya, ya lanƙwasa jijiyar. Ba ta karye ba, sai ma ta fitar da ɗan ruwa a yatsansa.

Ya ce, "Kaɗo, wannan ai bai mutu ba tukuna. Da ransa za ku binne shi?"

Yayana ya ce, "Ɗan Fillo, kai da nono ka sani. Ka taɓa zuwa Nufe?"

"Ban je ba. Amma na ga wanda ya je ya dawo, ga shi ko saniya ta fi shi sanin ɗanyen ganye."

Yayana ya yi dariya, ni ma na taya shi, muka ce masa ya je ya ji da ƙudan shanunsa. Muka ɗaure ganyen dami-dami muka lulluɓe da ciyawa kamar ta jinka, muka shigo da shi gari.

Sai ga tambayar da ya kamata mu yi tun kafin dashe: ina za a sa shi? A ɗakin yayana, matarsa za ta ji wari, kuma ita ba ta iya riƙe magana. A nawa ɗakin ma haka. Zaure kuwa nan Baba yake wuni. Yayana ya shiga shafa gemun da bai gama fitowa ba, can sai ya ɗaga kai ya dubi bayan ɗakin Inna.

Na ce, "Yaya, rumbun iri fa ke nan."

Ya ce, "Shi ɗin. Wa ke buɗe shi? Kuma ba inuwa ganyen yake so ba? Ina inuwar da ta fi cikin rumbu? Zai ƙarasa bushewa a ciki. Ƙari ma, warin taba yana korar ƙwari. Taimakon tsoho za mu yi, bai sani ba."

Ka ji fa. Inuwa da iska ganye yake so, shi ya riƙe inuwar ya jefar da iskar. Na san maganar ba ta zauna mini ba, amma na riƙe masa tsani. Ranar Baba ya tafi gaisuwar mutuwa, Inna da matan gida sun tafi rafi. Muka ɗaga jinka, muka fasa yaɓen, muka danna ganye a kan zangarniyoyin har sai da yayana ya hau da ƙafa yana tattakawa. Muka sake yaɓewa, ya shafa toka a kai don kada a ga sabuwar laka. Ya sauko yana karkaɗe hannu kamar wanda ya gina masallaci.

Mun yi niyyar kwashewa kafin bazara. Amma Baba bai ƙara yin nisa da gida ba, ƙafarsa ta matsa masa, kullum yana tsakar gida. Da zafi ya tsananta sai wani wari ya fara tashi a bayan ɗakin Inna, wari mai tsami kamar na rigar da aka jiƙa aka manta. Inna ta ce ɓera ne ya mutu. Matar yayana ta share ko'ina ba ta ga ɓera ba, ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce wa mijinta, "Maigida, ɓeran nan dai lofe yake sha." Ya daka mata tsawa. Na sa tafin hannuna a jikin rumbun wata safiya, na ji shi da ɗumi tun rana ba ta taɓa shi ba. Na gaya wa yayana. Ya ce, "Alhamdu lillahi, gumi yake yi. Haka ake so, a Nufe har murna suke yi." Gaskiya ne ana sa taba ta yi gumi, amma bayan ta bushe, kuma ana juya ta da hannu ana shan iska da ita. Wannan rabin bai tsaya ya gani ba, jakinsa ya ja shi gaba.

Ruwan shuka ya sauka da yamma, mai yawa. Washegari bayan an idar da salla Baba ya ce a kawo tsani. Kowa yana tsakar gida, mata da ƙwarya a hannu suna jiran a sussuka iri. Ni ya ce in hau. Na ɗaga jinka, na fasa yaɓen, warin ya buge ni har na kusa faɗowa. Abin da ke ciki ba taba ba ne kuma. Wani baƙin curi ne mai yauƙi, funfuna ta yi masa fari a sama. Na dinga ciro shi da hannu ina jefowa ƙasa. Da na kai ga zangarniyoyin, na sama sun manne da juna sun yi baƙi, na ƙasa kuwa funfuna ta bi su har gindi.

Baba ya karɓi ɗaya, ya murza a tafinsa. Ƙwayar ta narke kamar ƙasa. Ya karɓi wata, haka. Ya daɗe yana duban hannunsa.

Yayana ya ce, "Baba, ina jin jinkar nan ce take yoyo."

Ba a yi ruwa ba tun kaka sai jiya. Har Inna sai da ta juya ta dube shi.

Baba ya ce, "Yoyon ne ya zubo da ganye?" Sai ya nuna curin da ƙafa. "Ku kwashe dukiyarku, ku fitar mini daga gida."

Bai zage mu ba, bai ɗaga hannu ba. Da ya yi hakan da ya fi mini sauƙi. Aka duba babban rumbu ko da sauran kaura, ashe mun cinye ta tun tsakiyar rani, gero ne kawai ya rage. Inna ta tsince 'yan ƙwayoyin da suka yi kama da masu rai, ta wanke, aka shuka su a bayan gida. Kaɗan suka tsiro, rawaya, suka kwanta tun ba su kai gwiwa ba.

Baba ya ɗauki jaka da sanda, da ƙafar nan tasa mai ciwo, ya tafi Randagi wurin wani tsohon abokinsa roƙon iri. Na ce in raka shi, ya ce in zauna. Mutumin da maƙwabta ke zuwa wurinsa neman zangarniya, shi ne ya tsaya a zauren wani yana miƙa jaka. Aka ba shi farar dawar nan, farfara. Muka yi shuka a makare, muka ci abin da ya samu.

Daga baya an bi gidajen da Baba ya taɓa ba su kaurar. Wasu sun cakuɗa ta da wata har ta ɓace, wasu sun daina shuka ta. Na je Kakangi da ƙafata ba sau ɗaya ba, ina leƙa gonakin mutane da kaka kamar ɓarawo. Na ga kaura iri-iri, ban ga tamu ba. Baba ya rayu shekaru bayan haka yana cin tuwon farfara, in ya kwana ya saki sai ya ture akushin a hankali ya nemi kunu.

Yayana kuwa har ya tsufa, haƙora suka zube, yana zaune a wannan ƙofar yana gaya wa jikokinsa cewa shi ne ya fara kawo gyaran taba irin na Nufe garin nan, sai dai an yi rashin sa'ar jinka.